Ɗakin Haya na Ƴan Kwanaki: Ka Duba Kafin Ka Kwanta

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, idan aka gama girbi, aka ɗaure dammunan hatsi, aka zuba su a rumbu, sai lokacin tafiye-tafiye ya kama. Daga Urafane da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da sauran garuruwan gundumomin Tasawa da Mayahi, mutane suna fita. Wasu suna kai wake da riɗi ko awaki kasuwa. Wasu jinya ce take kai su asibitin Tasawa ko na Mayahi, ko babban asibitin Maraɗi. Samari kuwa suna tafiya ci-rani Damagaram, Agadas, Yamai, Katsina ko Kano. Duk wanda ya fita, dare zai riske shi, kuma dole ya nemi wurin kwana.

A zamanin fatake, baƙo yana sauka ne a zango, wurin mai masauki. Mai masauki shi yake ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa idan rigima ta tashi. Ta haka ne unguwannin Hausawa suka bunƙasa a Kumasi ta ƙasar Gana da Sabo ta birnin Ibadan. Yau abin ya sake. Sau da yawa matafiyi yana biyan kuɗi ne ga mutumin da bai sani ba, don ya kwana uku, ko mako biyu, ko wata ɗaya, a ɗakin da bai taɓa gani ba.

Mafi yawan matafiya ɓarawo suke tsoro. Tsoron yana da dalili. Amma ɓarawo kuɗi yake ɗauka. Abubuwan da suka fi ɗaukar rai a ɗakin haya shiru suke zuwa: gurɓatacciyar iska, da ruwan sha, da wuta, da bango mai shirin faɗuwa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Maganin wannan makanta shi ne dubawa da tambaya, tun da sauran rana, tun kafin kuɗi su bar hannunka.

1. Kafin ka bar gida

Ka nemi sunan masauki tun kana gida. Ka tambayi waɗanda suka riga ka zuwa garin. A manyan birane akwai ƴan garinmu da suka daɗe, kuma sun san gidajen da ake sauka lafiya. Wannan ya fi ka bi wani yaro da ya tare ka a tasha ya ce yana da ɗaki mai araha. Araha ba ta ado.

Ka tsara tafiyarka yadda za ka isa da rana. Wanda ya sauka da dare, a gajiye, duk ɗakin da aka nuna masa zai karɓa.

Ga kayan da bai kamata ka bari a gida ba: gidan sauro, da tabarmarka, da bargo ko mayafi mai kauri, da tocila, da kwaɗo mai kyau, da sabulu, da kofin shan ruwa naka na kanka. Ka haɗa da katin shaidarka na ɗan ƙasa da katin rigakafi. Duk wannan bai kai nauyin tiya biyar ta hatsi ba.

Idan ta waya aka yi maka tallar ɗaki, har aka aiko hoto, kada ka tura kuɗi. Hoto ba ɗaki ba ne. Sai ka gani da idonka, ko wani amintaccenka ya gani.

2. Iskar ɗaki: maƙiyin da ba a gani

Wannan shi ne babban darasin yau, don haka mu tsaya a kansa.

Lokacin ci-rani lokacin ɗari ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu yana bugawa, dare yana sanyi. Sai mutum ya shigo da kaskon wuta ko murhun shayi cikin ɗaki, ya rufe ƙofa, ya toshe taga da tsumma, ya kwanta. Mutane da yawa sun yi wannan kwanciya ba su tashi ba.

Ga yadda abin yake. Wuta tana cin iska kamar yadda mutum yake shaƙar ta. A gida muna hura wuta a tsakar gida, ko a bukkar kara wadda iska take ratsawa ta ko'ina. Amma ɗakin birni na siminti ne, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Idan aka rufe shi, sabuwar iska ba ta shiga. Gawayin da bai samu isasshiyar iska ba sai ya riƙa fitar da wata iska mai guba. Masana suna kiran ta kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Idan ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iska mai kyau har sau 200 da ɗoriya. Sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi.

Wasu suna cewa: “Ai hayaƙin ya ƙare, garwashi ne kawai ya rage.” Wannan kuskure ne babba. Jan garwashi marar hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar har ya zama toka.

Alamun kamuwa su ne ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da mutuwar jiki, da barci mai nauyi. Babbar alama ita ce: duk mutanen ɗakin su kamu a lokaci ɗaya, kuma su ji sauƙi idan sun fita waje. Idan haka ta faru, wasu sukan ce gidan yana da iskoki, wasu su ce abincin dare ne. A fara duba wuta tukuna. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Daga barci sai suma, daga suma sai mutuwa. Jarirai da mata masu ciki da tsofaffi su ne suka fi saurin faɗuwa.

Ba gawayi kaɗai ba. Injin ba da wuta, wato janareto, yana fitar da wannan guba da yawa ƙwarai. A Disamba 2024, a wani wurin shaƙatawa mai suna Gudauri a ƙasar Jojiya, an tarar da ma'aikata 12 sun mutu a wurin kwanansu, 11 daga cikinsu ƴan ƙasar Indiya ne da suka je neman kuɗi. Wutar lantarki ce ta ɗauke, aka kunna janareto a cikin ginin. A 2022 kuma Amurkawa 3 sun mutu da irin wannan guba a wani gida da suka kama haya na ƴan kwanaki a birnin Meziko. Wannan guba ba ta san mai kuɗi ba, ba ta san talaka ba.

Saboda haka:
– Ka duba ko ɗakin yana da taga da take buɗewa, ko ramukan shan iska a saman bango. Ɗakin da ba shi da ko ɗaya, ka bar shi.
– A yi shayi da girki a waje. Kasko ya kwana a waje. Bargo shi ne maganin ɗari.
– Ka tambaya inda ake ajiye janareto. Wurinsa fili ne, nesa da ƙofa da taga kamar mita 6. Kada a kunna shi a zaure ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna.
– Kada a tayar da babur a bar shi yana aiki a cikin ɗaki ko zaure.

Idan ka tarar da wanda ya kamu, ka buɗe ƙofa da taga, ka fitar da shi fili nan take. Idan ya suma, ka kwantar da shi a gefensa. Kada a ɗura masa madara ko ruwa, don zai iya shaƙewa. A kai shi asibiti ko da ya farfaɗo, domin gubar tana daɗewa a jini.

3. Cunkoso da cututtukan numfashi

Don rage kuɗin haya, samari goma sukan haɗu a ɗakin da ya dace da mutum huɗu. Numfashin wannan yana shiga hancin wancan har gari ya waye. Ta haka sanƙarau da tarin fuka suke yaɗuwa.

Sanƙarau cutar rani ce. Ta fi tashi daga farkon shekara zuwa saukar ruwan sama, lokacin ƙura da bushewar iska. A 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 11,000. A 2015 ta kama fiye da 8,000 a nan Nijar, fiye da 500 suka rasu. Alamunta su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da sanƙarewar wuya, da amai. Tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya nuna waɗannan alamu a kai shi asibiti a daren, kada a jira safiya. Akwai allurar rigakafi, kuma duk sanda aka yi shelar ta, a je a karɓa.

Idan abokin kwananka ya yi mako biyu yana tari, yana ramewa, yana gumi da dare, ka ba shi shawara ya je a auna majinarsa. Tarin fuka yana warkewa idan aka sha magani wata 6 ba fashi.

4. Ruwan sha da makewayi

Kafin ka biya, ka ce a nuna maka abu biyu: inda ake samun ruwa, da inda ake kewayawa. Idan rijiya tana dab da masai, ruwanta abin tsoro ne. Idan ƴan ga-ruwa suke kawowa, ba ka san inda suka ɗebo ba. Idan randa ɗaya ce da moɗa ɗaya ga mutum ashirin, to hannu ashirin ne suke shiga ruwanka.

Kwalara, wato cutar amai da zawo, ta wannan hanya take bi. A 2018 ta ɓarke a gundumar Madarunfa, ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar nan, mafi yawansu a jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo, ta kama fiye da 5,000. Matafiyi yana iya ɗaukar ta a masauki, ya kawo ta har cikin gidansa.

Ruwa mai haske ba lallai ne mai tsabta ba, don ƙwayoyin cuta ba a ganin su da ido. Ka tafasa ruwan sha har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ko kuma ka sa ƙwayar tsabtace ruwa, irin Aquatabs. Ka karanta takardarta don ka san lita nawa ƙwaya ɗaya take ɗauka, sannan ka jira minti 30 kafin ka sha. Ka wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kuma kafin cin abinci. Ka ci abinci da zafinsa.

Idan zawo ya kama wani, rashin ruwa a jiki shi ne yake kisa. A ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake samu a likita da kantin magani. Idan babu, a haɗa: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan a kan hanyar zuwa asibiti.

5. Sauro da sauran ƙwari

A birni kwatoci da ramukan ruwa ba sa bushewa, don haka sauro yana nan ko da rani. Sauron da yake kawo masassara da dare yake cizo. Ka ɗaura gidan sauronka tun daren farko, ka cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Mace mai ciki da ƙaramin yaro su ne na farko da za su shiga. Idan jiki ya yi zafi, a je a auna jini kafin a sha magani.

Ka haska tocila a ɗinkin katifa da tsagogin bango. Idan ka ga ƙananan ɗige-ɗige baƙaƙe ko tabon jini, akwai kuɗin cizo. Ka shimfiɗa tabarmarka, ka rataye jakarka, don kada ka koma da su gida. Ɗakin da ya daɗe a rufe kuwa, a share shi, a ɗaga duk abin da ke ƙasa, saboda kunama. Ka kakkaɓe takalmi da safe kafin ka sa.

6. Gobara, gas da lantarki

Ka tsaya a tsakiyar ɗaki ka tambayi kanka: idan wuta ta tashi da dare, ta ina zan fita? Tagogin birni suna da ƙarafa, ba a fita ta nan. Ƙofa ce kaɗai hanya. Don haka kada a tara kaya a bakinta. Makulli ya kwana a wuri ɗaya da kowa ya sani. Kada ka yarda a kulle ku ta waje. Kada uwa ta kulle yara a ɗaki ta tafi asibiti ko kasuwa.

Idan ka ji warin fetur a gidan, ko ka ga jarkokin mai a zaure, ka nemi wani masauki. Idan rumfar zana ce, ka tuna zana ba ta ba mutum lokacin gudu. A Nuwamba 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a wata makaranta a birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Kada a bar kyandir ko maganin sauro na ƙonawa kusa da zana, ko katifa, ko gidan sauro.

Da yawa daga cikinmu da itace muka saba, ba mu saba da tukunyar gas ba. Ka roƙi mai gida ya nuna maka yadda ake kunnawa da kashewa. Iskar gas ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka idan ta tsiyaya ƙasa take kwanciya, inda masu barci suke. Idan ka ji warinta, kada ka ƙyasta ashana, kada ka taɓa makunnin lantarki. Ka rufe kan tukunyar, ka buɗe ƙofa, kowa ya fita. Ana gane wurin yoyo da kumfar sabulu: inda ta yi ƙwai, nan ne.

Wayar lantarki da ta fito tsirara, ko wurin jona waya da ya yi baƙi, alamar haɗari ce. Kada ka taɓa su da jiƙaƙƙen hannu. Kada ka sa wayar salula caji a ƙarƙashin matashin kai. Idan lantarki ya kama mutum, kada ka riƙe shi. Ka kashe wutar daga mita, ko ka ture wayar da busasshiyar sanda. Wutar mai da wutar lantarki ba a zuba musu ruwa, rairayi ake zubawa.

A Nijar lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18, ta ƴan sanda kuma 17. A Najeriya ana kiran 112.

7. Bango da rufi

Mai jinya ba ya zaɓen lokaci, wani da damina tafiya take kama shi. Ka dubi gindin bango. Idan ya jiƙe, ko ya zaizaye, ko akwai tsaga daga sama har ƙasa, ɗakin ba na kwana ba ne. Ka ɗaga kai ka dubi azara, ko gara ta ci ta, ko rufin ya lotsa. Ka lura ko gidan yana cikin kwari, ko bakin tafki, ko hanyar ruwa. Tsohon garin Maraɗi a bakin gulbi yake, ambaliyar 1945 ce ta sa aka mai da shi kan tudu. A daminar 2024 mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, wasu ruwa ya ci su, wasu gidaje suka faɗa musu, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda abin ya fi shafa.

8. Kuɗi, ƙofa da amana

Yanzu mu zo ga ɓarawo. Ka tabbatar wanda kake ba kuɗi shi ne mai gidan ko wakilinsa na gaskiya. Maƙwabta da mai unguwa za su gaya maka. Matambayi ba ya ɓata. Ku yi magana a gaban shaida: nawa ne, kwana nawa ne, da ruwa da wuta a ciki ko babu. Sannan a rubuta. Misali: “Yau 5 ga wata na karɓi jikka 6, kuɗin ɗaki na kwana 15, da ruwa a ciki.” Mai gida ya sa hannu, shaida ya sa hannu. Ka karanta da kanka kafin ka biya. Wanda ya iya karatu da rubutu, a nan zai ga ranarsu.

Ka sa kwaɗonka a ƙofa, domin ba ka san mutum nawa suke da makullin tsohon kwaɗo ba. Ka gwada sakatar ciki. Kuɗin amfanin gona ko na dabba kada su kwana da kai. Ka aika su gida ta kamfanin aika kuɗi a ranar da ka sayar, ka adana takardar. Kada ka ƙirga kuɗi a gaban mutane. Kada ka karɓi abin sha daga wanda ka haɗu da shi yau, don akwai masu zuba maganin barci. Kada ka bar wa kowa katin shaidarka jingina.

Mata masu jinya su nemi gidan da akwai matan aure a ciki, su kwana bibbiyu ko fiye. Kada a buɗe ƙofa da dare sai an san mai sallama. Da zarar ka sauka, ka kira gida ka faɗi sunan unguwa da sunan mai gidan.

A taƙaice, kafin ka biya, ka amsa waɗannan tambayoyi:
1. Iska tana shiga ɗakin?
2. Ina ake ajiye janareto, da gas, da fetur?
3. Daga ina ruwan sha yake zuwa?
4. Ta ina zan fita idan wuta ta tashi?
5. Bango da rufi suna da ƙwari?
6. Wa na ba kuɗina, kuma an rubuta?

Wannan dubawa ba za ta ci maka minti 15 ba. Idan mai gida ya hana ka dubawa, ya riga ya ba ka amsa. Ka yi masa godiya, ka ɗauki jakarka, ka yi gaba. Gara ka ƙara ɗari biyar a ɗaki mai taga da ka kwana a mai araha wanda ba ya numfashi.

Ƴan'uwa, ku karanta wa waɗanda suke shirin tafiya wannan shafi, tun ba samari masu fita karon farko ba. Gona tana jiran mai ita, iyali suna jiran mai gida. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya kafin ruwan shuka.